Maganin Wata Shida da Aka Sha Shekara Huɗu

Wannan labarin jinyar 'yata ce ta fari. Tana raye, tana magana, ta shiga makarantar firamare a nan Ƙauran Namoda. Tana ganin abin da ke gabanta sak, ba ta ganin abin da ke gefenta, dama da hagu, kuma likitoci sun ce a haka za ta rayu. Na rubuta yadda aka yi ne, domin uwar da aka miƙa wa irin maganin da aka miƙa mini ta san abin da ke hannunta.

Aikina karanta labarai da sanarwa ne a wani gidan rediyo a Gusau, kwana uku a mako. Maigidana yana da motar ɗaukar hatsi. Mahaifiyarsa, Inna, tana Zurmi. Ƙaninsa Lawali yana Shinkafi, yana fataucin shanu har cikin Nijar.

Yarinyar tana wata biyar abin ya fara. Da safe ne, ta farka ke nan, ban ko ba ta nono ba. Kanta ya faɗo gaba, hannuwanta suka buɗe suka rufe kamar za ta rungumi wani, gwiwoyinta suka taho cikinta. Bai wuce daƙiƙa biyu ba. Ta saki jiki, ta kalle ni, sai ya sake dawowa. Na saba da duba agogo a wurin aiki, don haka na duba. Sau goma sha huɗu cikin minti uku. Daga nan ta fashe da kuka.

Maƙwabciyata ta ce ciwon ciki ne, duk jarirai suna yi. Mai kemis ɗin bakin titi ya yarda da ita, ya ba ni maganin ruwa mai zaƙi. A mako na biyu Inna ta zo daga Zurmi da ƙullin hayaƙi da galan na rubutu. Ta ga zaburar sau ɗaya, ta ce:

"Wanga ba ciwon asibiti na ba. Wa ya barta ita ɗai da magariba?"

"Ba a bar ta ba, Inna."

"To uwa tana Gusau tana gaya wa duniya labari, wa ka sanin abin da anka yi cikin gida?"

Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. A mako na uku ta daina murmushi. Wannan ya fi zaburar tayar mini da hankali. Yarinyar da take bin cokali da ido, take juyawa ta kifa da kanta, sai ta koma kwance inda aka ajiye ta, tana kallon rufin ɗaki.

Na kai ta asibiti a nan Ƙaura sau biyu. Ana karɓar kati da safe, ana ganin likita bayan azahar, lokacin da take barci lafiya lau a bayana. Aka gwada zazzaɓin cizon sauro, babu. Aka ce in je in dawo. A mako na biyar ne dabara ta zo mini, na ɗauki abin a waya. Wata ma'aikaciyar jinya mai furfura ta kalla sau biyu, ta mayar mini da wayar, ta ce, "Kada ki sake bin layin nan. Ki kai ta Sakkwato gobe." Ban san sunanta ba. Ina yi mata addu'a har yau.

Mun bi ta Gusau, bayan rana ta fito sosai, don ba mai kama hanya da sassafe a shekarun nan. Kwana uku muka yi a Sakkwato kafin layi ya zo kanmu. Aka liƙa mata wayoyi a kai, na'ura ta yi ta zana layuka a takarda. Likitan yara, wani dogo mai sanyin murya, ya shimfiɗa takardar a gabanmu.

"Ba ciwon ciki ba ne," in ji shi. "Wani nau'in farfaɗiya ne da ke kama jarirai. Kowane mako da ya wuce ba a tsayar da shi ba, ƙwaƙwalwarta yake ci."

Da muka fito, maigidana ya tsaya a inuwar wata dalbejiya ya ce kalmar farfaɗiyar nan kada ta shiga mota da mu. In ta isa Zurmi, ba mai sake cin abinci kwano ɗaya da yarinyar. Na yarda. A gida muka ce ciwon zabura ne.

An fara da wasu ƙwayoyi da suka kumbura mata fuska, suka sa ta kuka da ci ba ƙoshi. Zaburar ta ragu, ta dawo. Tana wata bakwai likitan ya rubuta wani maganin, ya faɗi sunansa a hankali don in riƙe: vigabatrin. Gari ne fari a ƙananan fakiti, ana narka shi a ruwa, a ɗura mata da sirinji marar allura, safe da yamma. Sai da aka aiko da shi daga Kano, kuma sarƙata da 'yan kunnena na aure suka tafi a kansa tun watannin farko. Likitan ya sa na ajiye jakata na saurare shi.

"Kada a tsayar da shi farat ɗaya, ciwon zai iya dawowa da ƙarfi. Amma ba maganin har abada ba ne. Wata shida za mu yi, sannan mu riƙa ragewa. Duk wata uku ki kawo ta a duba idonta. A wasu mutane yana cin ganin gefe, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Babba zai faɗa miki. Jariri ba zai faɗa ba."

Na rubuta maganarsa kalma da kalma a bayan katin.

A rana ta tara zaburar ta tsaya. Na zauna a kanta da safe da agogo a hannu, ba abin da zan ƙirga. A mako na uku ta yi wa mahaifinta murmushi yana wanke hannu, ya bar abincin ya fita waje don kada in ga fuskarsa. Maganin nan ya yi aikinsa. In yau tana karanta baƙaƙe, tana faɗa da ƙannenta a kan tsire, bayan ikon Allah shi ne sanadi, kuma ba zan ɓoye wannan ba saboda abin da ya biyo baya.

A wata na uku mun koma. Likitar ido ta ɗiga mata magani, ta haska, ta ce ba ta ga komai ba, amma ta ƙara da cewa a jariri kamarta ba a cika gani ba sai abin ya yi nisa. A wata na shida, wanda shi ne na fara ragewa, hanya ta lalace. Sau biyu muna zuwa tasha direbobi suna juyowa da fasinja, an ce 'yan bindiga suna kan hanya. Na kira lambar likitan, ba ta shiga. Daga baya na ji ya bar aikin, ya tafi wata ƙasa. Na ce a ci gaba da ba ta har hanya ta yi kyau, tunda an ce kada a tsayar farat ɗaya. Wannan shawarar tawa ce, ba ta kowa ba.

A tsakanin ne aka gane ina da ciki. Inna ta zo a motar kasuwa, ko zama ba ta yi ba.

"Nonon ciki kika ba ɗiyar da ba ta da lahiya? Kawo ta. Yaye ya yi."

Yarinyar tana wata goma sha huɗu. Ni 'yar gidan da ake kunyar ɗan fari ce, na kuma auri gidan da ya fi namu riƙe ta. Tun da aka raɗa mata suna ban taɓa faɗinsa ba. A gaban mutane ba na ɗaukarta sai ta yi kuka, ba na kallonta in ana kallona. Ita ta kaka ce tun ran suna, kowa ya sani. Na haɗa kayanta, na sa kwalin maganin a kai, na durƙusa na karanta wa Inna abin da ke bayan katin, duka.

"Na ji," in ji ta. "Sahe da marece. Kuma kada a tsaida."

"Da maganar ido, Inna. Da wata shidan."

"Na ce na ji. Ba rediyo nika saurare ba da za a maimaita mini."

Rabin saƙon ne ya isa Zurmi. Na san haka tun motar ba ta tashi ba, don aikina ke nan, na san yadda ake jin rabin sanarwa. Na bar motar ta tafi.

Da kwalin ya ƙare, Lawali ya ɗauki fakiti ɗaya da babu komai a ciki ya sa a aljihu, ya tsallaka da shanunsa, ya dawo da kwalaye daga Maraɗi. Ba wanda ya tambaye shi takardar likita. Takardar bayanin da ke ciki da Faransanci take, Inna tana ƙulla kanwa da ita. Kowa ya sa wa Lawali albarka, har da ni.

Sau ɗaya na buɗe baki a gaban mutane. Yarinyar tana shekara biyu da rabi, Lawali ya biyo ta gidanmu ran kasuwa, yana cin tuwo da yayansa a tsakar gida, yana ba da labari.

"Ai mun ƙara mata," ya ce. "Hwakiti guda ya yi mata kaɗan yanzu, ta girma. Ko maraƙi, awon da kaka ba shi shina ɗan wata ukku ba shi kaka ba shi in ya yi ƙaho ba."

Daga bakin ƙofar ɗaki na ce, "Likita ya ce wata shida ne, Lawali. Ya ce yana taɓa ido."

Ya ajiye loma, ya yi dariya. "Wane likita, matar yaya? Wanda ya tsere ya bar ku? Mu da munka tsaya muna gani, ɗiya ta yi ƙiba tana gudu. Yau kuma ke ka tambayar ɗiyar hwari? Lallai boko ya kai."

Da ya tafi, maigidana ya ce na ba shi kunya. Ya ce in hanya ta yi sauƙi zai kai ta Sakkwato da kansa. Hanya ta yi sauƙi ta sake lalacewa sau da yawa, shi kuma hatsi yana jiransa. Na tuna masa sau biyu, na bari.

Kunya tana ciki, amma ba ita kaɗai ba ce. Ina tsoron ranar da za a rage maganin in ga kan nan ya sake faɗowa gaba. Makantar da ban taɓa gani ba ta fi mini sauƙin mantawa a kan zaburar da na ƙirga. A shekarun nan na karanta sanarwar kada a sha magani ba da izinin likita ba, ban san sau nawa ba, da murya mai kyau.

Na haifi biyu a bayanta. Zurmi sai a shekara sau biyu ko uku, in je in kwana ɗaya in dawo. In na je tana can cikin yara, in gan ta daga nesa, in tambayi lafiyar kowa ban da tata.

Ta kusa shekara biyar aka yi suna a gidan Inna. Tsakar gida cike da mata, ana ta rabon fura da waina. Yarinyar ta fito daga ɗaki ta nufi randa, ta bi ta kan ƙwaryar fura da ke gefen tabarma, ta kifar. Inna ta ɗauko tsumagiya daga jikin danga ba tare da ta tashi ba, alamar wurin ajiyarta ke nan, ta zuba mata biyu a ƙafa.

"Kullum haka! Ta wuce mutane ba gaisuwa, ta taka kwano, ta ture yaro. Ran nan limamin unguwa na zaune bakin zaure ta wuce shi kamar kututture. Girman kai na, na san inda ta gado shi."

Mata suka yi dariya, wasu suka kallo ni. Dama na zo wa yarinyar da takalmi sabo. Da ta zo wucewa ta kusa da ni, na miƙa mata shi ta gefen damanta, dab da kafaɗarta, ba tare da na ce komai ba. Ta wuce. Wata daga cikin matan ta tafa hannu ta ce, "Ke, ko uwatta ba ta gani!" Aka sake fashewa.

Na jawo ta na mare ta.

Ba ta kauce ba. Ko ƙifta ido ba ta yi ba kafin hannuna ya sauka. Yaro yana ganin mari yana zuwa, yana sunkuyar da kai. Ita sai da ya same ta ta juyo da fuskarta gaba ɗaya tana neman inda ya fito. Da ta same ni ta durƙusa ta ce, "Ina wuni."

A nan na dube ta, karo na farko a gaban mutane. Ƙwaurinta duk tabo, sabo a kan tsoho. Goshinta da kumburi ta gefe. A hannun hagu akwai tabon ƙuna mai faɗi, na murhu. Na shiga ɗakin Inna na buɗe langar da take ajiye maganin. Fakiti a jere, an ɗaure su bibbiyu da zare, kowane ɗauri na sha ɗaya.

Dole in faɗi gaskiyar Inna. Shekara uku da rabi ba ta tsallake sha ɗaya ba. Ranar da aka ce 'yan bindiga suna shigowa unguwarsu, mutane suka watse da abin da hannu ya kai, ita langar nan ta ɗauka da yarinyar, ta bar awakinta. Ban san wata da za ta yi jinya da irin wannan amana ba. Da ta yi sakaci, da idon ya fi haka saura.

Washegari da hantsi na kama hannun yarinyar. Inna tana tankaɗe.

"Ina za ki da ita?"

"Sakkwato, Inna."

"Ɗiyar hwari za ki ja a gaban mutane, ba kunya ba tsoron Allah? In kin hita da ita, kada ki maido mini."

Na ce Allah ya ba ta haƙuri. Maigidana ya tayar da mota, muka kama hanyar Ƙaura.

A Sakkwato wata likitar ido ce daban, matashiya. Ta zaunar da yarinyar a gabanta, ta nuna nata hancin, ta ce ta kalle shi kada ta motsa kai. Wata ma'aikaciya ta tsaya a baya, tana kawo jar ƙwallo a hankali daga gefe. Ƙwallon ta wuce kunne, ta wuce kumatu, ta kusa kai gaban hanci, sannan yarinyar ta ce, "Ga ta!" tana murna ta ci wasa. Aka yi ta hagu, haka. Aka ɗiga magani, aka haska, aka ɗauki hoton cikin idon. Likitar ta tambayi shekara nawa ana ba ta maganin, da yawan da ake ba ta. Na faɗa. Ta ajiye biro. Ba ta zage ni ba, na so ta zaga. Ta naɗe wata takarda kamar bututu ta miƙo mini.

"Rufe ido ɗaya, ki leƙa ta nan. Kusan haka take ganin duniya."

Na leƙa. Na ga fuskar likitar. Maigidana yana zaune kusa da ni, kafaɗarsa tana taɓa tawa, ban gan shi ba.

"Ba zan rantse miki cewa maganin ne kaɗai ba," ta ce, "amma irin ɓarnarsa ke nan. Tabarau ba ya gyarawa, aiki ba ya gyarawa. Abin da ya rage za mu kare."

Sabon likitan yara ya sake gwajin wayoyin, ya tsara yadda za a rage maganin kaɗan-kaɗan cikin mako takwas. Kowace safiya ina zaune a kanta da waya a hannu. Mako na farko ba komai. Na huɗu ba komai. Aka kai fakitin ƙarshe, aka wuce shi da wata, da wata shida. Zaburar ba ta dawo ba. Na tambayi likitan ko tun yaushe ba ta bukatarsa. Ya ce ba wanda zai iya sani yanzu, kuma akwai yaran da sai an canza musu wani maganin. Na gane ya tausaya mini ne ya tsaya a nan.

Maigidana ya kira Inna ya gaya mata. Ina jin muryarta daga wayar.

"To wa ya kawo maganin cikin zuri'armu? Ni da hayaƙi na zo."

Lawali ya ce ƙaddara ce, kuma har yau bai tako gidanmu ba.

Ga wadda aka rubuta wa ɗanta wannan magani, ki ba shi, yana ceton ƙwaƙwalwa, jinkiri kuma yana da tasa ɓarnar. Amma ki tambayi ranar da za a fara ragewa tun ranar da aka fara ba shi, ki tambayi wanda za ki nema in likitanki ba ya nan. Kada kowa ya ƙara awo don yaro ya girma. In za a kai yaro yaye, kada maganin ya tafi inda ke ba za ki iya yin tambaya ba. Yaron da ke yawan tuntuɓe da ture kaya, a kai shi a duba idonsa kafin a ɗauko tsumagiya.

Ranar gwajin ƙwallon nan, likitar idon ta ba ni umarni na ƙarshe muna fita. Ta ce kada a riƙa zuwa mata ta gefe ba zato, kada a miƙa mata abu shiru. A kira sunanta tukuna, ta juyo.

Na yi kwana huɗu ina cewa "ke". A gidan da yara uku suke, "ke" ba ta gaya mata da wa ake. A rana ta biyar da la'asar tana zaune a bakin ƙofa tana ɓare gyaɗa, na zo ta hagunta da kofin kunu. Na tsaya. Na faɗi sunayen dubban mutane a rediyo ban taɓa sarƙewa ba. Wannan ɗaya ne ban taɓa faɗi ba.

"Balkisu."

Ta saki gyaɗar. Ba ta juyo ba. Ta ɗaga hannuwanta biyu ta rufe kunnuwanta da kumatunta, ta sunkuyar da kai, tana jiran mari.